Babi na Shida: Abin da Baki Ya Rage, Kunne Ya Cika

A babin da ya gabata mun yi bayani a kan yadda marubuci yake gina mutanen labarinsa, ya ba kowannensu asali da sana'a da hali. A wannan kuwa za mu duba abin da ya fi wancan wuya, watau yadda zai sa magana a bakinsu, domin sau da yawa akan sami mai hikaya wanda ya iya sifanta gari da kasuwa da damina har ka ji kamar kana wurin, amma da zarar mutanensa sun buɗe baki sai labarin ya mutu, saboda kowa a cikinsu yana faɗin duk abin da ke ransa ƙarara, alhali kuwa ba haka Hausawa suke zance ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Maƙarfi lokacin da rake ya nuna, sa'ad da manoman Kudan da Hunƙuyi da ƙauyukan da ke kewaye suka jibge damman rakensu ana jiran motocin da za su kwasa, ya ji irin cinikin da zan misalta. Mai saye ya taya, manomi ya kau da kai ya ce, "Albarka." Ya ƙara wani abu, manomi ya ce, "Alhaji, ai bana taki ya yi tsada." Sai dillali ya sunkuya ya ce wa manomin, "Baba, rana fa tana yi, motar Kano kuwa ba ta jiran kowa." Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, Allah ya sa mu ci riba baki ɗaya." In da za a ɗauko baƙon da ya haddace ƙamus na Hausa tun daga farko har ƙarshe, amma bai taɓa zama da mutane ba, a ce ya ba da labarin abin da ya gudana, sai ya ce an ambaci albarka, an yi kukan tsadar taki, an faɗi lokaci, an yi addu'a, ba a kuwa yi ciniki ba. Amma yaron da ke ɗaurin rake a gefe ya riga ya san cewa an ƙi tayi na fari, an nemi ƙari a na biyu, dillali ya gargaɗi manomi cewa ba zai sami wanda ya fi wannan ba a yau, dattijo kuma ya sallama, har ya miƙe yana neman masu lodi. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba kuma wanda ya ruɗe, domin kowannensu ya kyautata wa ɗan'uwansa zato cewa ba zai yi magana a banza ba, in ya ambaci taki a tsakiyar ciniki to lalle takin yana da alaƙa da kuɗin raken.

Wannan kyautata zato shi ne wani masanin falsafa ɗan Ingila, Paul Grice, ya mai da shi ƙa'ida a cikin laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1967, waɗanda aka buga sashensu da ya fi shahara a 1975. Abin da ya ce a taƙaice shi ne, masu hira abokan aiki ne, kowa yana sa ran ɗan'uwansa zai faɗi gaskiya, zai faɗi gwargwadon abin da ake bukata ba ƙari ba ragi, zai tsaya a kan abin da ake ciki, zai kuma faɗe shi a sarari. To, idan mai magana ya saɓa ɗaya daga cikin waɗannan da gangan, a fili, yadda ya san an gan shi, mai sauraro ba ya ɗauka cewa ya zautu, sai ya shiga neman abin da ya sa ya kauce, a nan ne kuma ma'anar da ba a furta ba take fitowa. Nazari ne mai kyau, ya kuma amfani masu ilimin harshe ƙwarai. Sai dai almajirin da ya yi zurfi a zaurukan Zariya ba zai ji shi baƙo ba, domin malaman balaga, tun daga Abdulƙahir Jurjani wanda ya rasu a ƙarni na biyar na Hijira, har zuwa littattafan da ake karantawa a ƙasarmu irin su Jauharul Maknun na Ahdari da Uƙudul Juman na Suyuɗi, sun daɗe da cewa fasahar zance ita ce ya dace da abin da hali ya hukunta, sun kuma rarrabe kinaya da ta'arili da tauriyya, sun bayyana inda gajartawa ta fi da inda tsawaitawa ta fi. Malaman usulu su ma sun raba abin da lafazi ya furta da abin da ake fahimta daga gare shi, suna kafa misali da ayar Suratul Isra'i wadda ta hana ɗa ya nuna wa iyayensa ƙosawa ko da da 'yar ƙaramar kalma, suka ce ashe hana duka da zagi ya fi cancanta, ko da yake ba a ambace su a wurin ba.

Har shari'a ma ba ta yarda mutum ya ɓuya a bayan zahirin lafazinsa ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin mutum biyu da suka yi cacar baki a zamanin Sayyidina Umar, ɗayansu ya tsarkake uwarsa da ubansa daga alfasha a gaban abokin faɗansa, bai ce komai a kan iyayen wancan ba. Aka yi shawara, wasu suka ce ai yabon iyayensa kawai ya yi, wasu suka ce iyayensa suna da abin yabo da yawa ban da wannan, me ya sa ya zaɓi wannan a wannan wuri? Aka yi masa haddin ƙazafi. A kan haka mazhabar Malikiyya ta tafi, ita ce kuwa mazhabar alƙalanmu. Duk nazarin Grice yana cikin tambayar nan ta sahabbai, watau me ya sa ya faɗi wannan, a nan, yanzu.

Amma akwai wurin da nake ganin ma'aunin Bature ba ya auna zancenmu daidai, a nan ne kuma marubuci ya kamata ya buɗe kunnensa. Grice ya ɗauki magana a sarari ita ce hanya, kewaye kuwa ratse ne da ake yi don wata bukata. A wurin Bahaushe, musamman a al'amuran da suka shafi aure da bashi da mutuwa da surukuta, kewayen shi ne hanya, domin abin da masu hira suka haɗu a kan kiyayewa ya wuce isar da labari, ya haɗa da kunya da sutura da barin ƙofa a buɗe saboda gobe. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, matar kirki ta dā ba ta kama sunan mijinta, wanda aka aika ya kira mutum saboda rasuwar mahaifinsa yakan ce masa jikin tsoho ya yi tsanani a zo gida, shi kuma wanda aka faɗa wa yakan gane, amma ya riƙe abin da aka ba shi ya yi guzuri da shi har ya isa. Saboda haka idan mutumin cikin labari ya tashi ya faɗi magana ɓaro-ɓaro a inda aka saba sakayawa, wannan shi ne babban labari: ko dai zumunci ya yanke, ko haƙuri ya ƙare, ko kuwa marubucin yana nuna mana cewa wannan mutum ba shi da tarbiyya.

Magabatan marubutanmu sun san wannan, mai yiwuwa don sun tashi a zaure da fada tun kafin su san alƙalamin boko. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya, aka buga shi juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, ya ɗora littafin farko kacokan a kan zance mai harshen damo. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makirci, Musa ɗan Sarki yana son fita, aku kuwa ba shi da ƙarfin da zai tare ƙofa, ba shi da matsayin da zai ba ɗan Sarki umarni. Abin da ya mallaka shi ne bakinsa, sai ya riƙa jan yaron da labari bayan labari har gari ya waye. A zahiri hira yake yi, a baɗini tsaro yake yi, mai karatu kuma yana jin daɗi ninki biyu, daɗin labarin da daɗin sanin abin da ya sa ake ba da shi.

Wanda ya fi kusa da mu a wannan fage, kuma sunan garinmu yake ɗauke da shi, shi ne Shu'aibu Maƙarfi, marubucin wasan kwaikwayo, mai littafin Zamanin Nan Namu na 1959, wanda ya ƙunshi wasanni biyu, Malam Maidala'ilu da 'Yar Masu Gida, da kuma Jatau Na Kyallu wanda ya biyo baya, ɗalibai masu yawa suka karanta shi a makarantu. Wasanninsa ta gidan rediyo a Kaduna suka fara isa kunnen jama'a, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai son fahimtar salonsa. A rediyo babu fuska, babu harara, babu tufafin da za su nuna attajiri ko matalauci. Muryoyi ne kaɗai suke fitowa daga akwati, mutane sun kewaye shi a ƙofar gida bayan sallar isha'i, dole ne marubuci ya zuba kome a cikin lafazi: wanda ya ce "ranka ya daɗe" da wanda aka ce wa, wanda ya ce "Allah gafarta Malam" da gaske da wanda ya faɗe ta yana jan ta, matar da ta saba cewa "Malam" ranar da ta wayi gari ta ce "kai". Wanda ya koyi rubutu a irin wannan makaranta ba zai iya dogara da bayani ba, tilas ya amince wa kunnen mai sauraro.

Labarin Jatau Na Kyallu sananne ne: attajiri ya ruɗu da karuwa, ya aure ta duk da gargaɗin da aka yi masa, gidansa ya watse, dukiyarsa ta salwanta. Abin lura ga mai koyon rubutu shi ne cewa a irin wannan wasa kowace magana tana da masu ji biyu. Akwai Jatau da ke cikin wasan, akwai mu da muke waje, mun kuwa san abin da bai sani ba, saboda haka kalma mai daɗi da aka faɗa masa shi yana jin ƙauna, mu muna jin tarko. A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ɗalibai suke yawan cakuɗawa. Mai habaici yana so a gane shi, in ba a gane ba ya yi asarar yawunsa. Mayaudari kuwa yana so ne a tsaya a kan zahirin maganarsa, yana cin amanar kyautata zaton nan da hira ta ginu a kai. Masu yi wa Jatau nasiha suna bukatar ya fahimci fiye da abin da suka faɗa, wadda take yaudararsa tana bukatar kada ya fahimci kome bayan abin da ta faɗa, halakarsa kuwa ita ce ya toshe kunne ga na farko ya buɗe ga na biyu. Daga baya, a 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauko irin wannan ƙissa a Alhaki Kuykuyo Ne, amma ta tsaya a ɓangaren uwargidan da aka kora, ta shigar da mu tsakar gida inda zancen mata yake da nasa ƙa'idodi.

Zancen tsakar gida kuwa ya isa a dakata a kansa. Mu ƙaddara wani gida a Ikara lokacin kaka, an shanya barkono ja wur a kan tabarmi, uwargida tana juya shi, amarya tana bakin ƙofar ɗakinta da ƙanwarta. Kaza ta zo ta taka shanya, uwargida ta kore ta tana cewa, "Kai, wannan kaza da rashin kunya take! Jiya-jiya aka kawo ta gidan nan, har ta san inda ake ajiye hatsi." Amarya ba ta ɗaga kai ba, ta ce wa ƙanwarta, "Ke, miƙo mini sabuwar tsintsiyar nan, tsohuwar ta daina shara sai ta da ƙura." In maigida ya shigo ya tambaya, ɗaya da kaza take, ɗaya da tsintsiya, kowa ya tsargu shi ya sani. Abin mamaki a nan shi ne waɗannan mata biyu, da ba su haɗu a kan kome ba, sun haɗu a kan aikin fahimta: kowace ta yarda cewa 'yar'uwarta tana da basirar da za ta kwance ƙullin, kowace kuma ta yarda a tsaya a wannan iyaka, kada a kai ga kama suna. Habaici faɗa ne da aka yi wa shinge, ya bar wa gida damar kwana lafiya. Marubucin da ya gane haka zai iya riƙe kishiyoyi biyu babi goma suna gugar zana, mai karatu yana jiran ranar da ɗaya za ta bar kaza ta juyo ta ce "da ke nake", ranar da ta faɗa kuwa ba sai an gaya masa cewa abu ya ɓaci ba.

Na zaure ya fi wannan sanyi, amma ya fi shi nauyi. Ga misalin da na ƙaga, na ajiye shi a Hunƙuyi. Kawun wani saurayi ya zo da abokinsa wurin uban yarinya, an gaisa, an tambayi iyali da gona da ruwa.

"Malam, mun zo ne neman iri, don mun ga gidan nan da albarka."

"Madalla, kun kyauta, ai gida naku ne. Sai dai ka san yarinya ta baffanta ce, shi kuwa yana Legas, sai ya zo."

"Yaushe ake sa ran ganinsa?"

"To, ka san halin hanya. Yaya wajen ɗan namu, har yanzu yana nan bakin tasha?"

"Yana nan, yana 'yan buge-bugensa."

"Allah ya yi masa jagora. Kai, yaro, a kawo wa su Kawu ruwa mana."

Babu "a'a" ko ɗaya a cikin wannan zance, amma an hana aure, an kuma faɗi dalili. Jingina al'amari ga baffan da ke nesa al'ada ce ta gaskiya, don galibi baffa ne waliyyi, saboda haka ba za a ce ƙarya aka yi ba. Sai dai da ana so, da uban ya ce zai aika masa a yau. Da aka tambayi lokaci ya ba da amsar da ba ta kai abin da ake bukata ba, sa'an nan ya sauya zance zuwa tasha, wanda a zahiri tambayar lafiya ce, a baɗini kuwa yana cewa yaronku ba shi da sana'a. Kawu ya ji, ya kuma amsa laifin da kalmar "'yan buge-buge". Kiran ruwa ya rufe majalisa. Mutanen nan za su haɗu gobe a masallaci da wurin jana'iza da kasuwa ba tare da ɗayansu ya sunkuyar da kai ba, in kuma yaron ya gyaru baɗi, baffa yana iya dawowa daga Legas.

Abin da yake damuna a yawancin labaran da matasanmu suke rubutawa yanzu, musamman waɗanda ake yaɗawa ta WhatsApp da sauran kafofin intanet, shi ne rashin wannan amana. Da yawansu suna da kunne, sun iya ɗauko maganar mutane yadda take, amma da sun rubuta ta sai tsoro ya kama su, su biyo ta da sharhi: ta faɗa cikin gatse, ya faɗa yana nufin ba zai ba shi 'yarsa ba, ta yi maganar ne don ta baƙanta wa kishiyarta rai. Wannan daidai yake da a tauna rake a miƙa wa baƙo tuƙar. Mai karatu Bahaushe tun yana goye yake jin habaici, ya fi marubuci bukatar a bar shi ya yi aikinsa, don daɗin karatu yana cikin wannan ɗan lokaci da yake cewa a ransa, "Af, ashe inda ta dosa ke nan!" Ina faɗin haka ne da ƙauna, domin a cikin waɗannan marubuta akwai waɗanda Allah ya ba baiwar da in sun yarda da ita, sun soke rabin sharhinsu, za a daɗe ana karanta su.

Sai dai ban ce sakayawa ba ta da iyaka ba. Ma'anar da ba a furta ba tana tsayuwa ne a kan abin da mai faɗa da mai ji suka yi tarayya a saninsa, abin da malamai ke kira ƙarina. Mutumin Kudan da na Maraɗi da na zangon Kumasi duka za su gane neman iri, amma yaron da ya tashi a Abuja bai taɓa zama a zaure ba yana iya wucewa bai ga an hana aure ba, balle wanda zai karanta labarin bayan an juya shi zuwa wani harshe. Maganin wannan ba shi ne marubuci ya sa baki ba. Ya bar wani daga cikin mutanen labarin ya nuna abin da ya fahimta ta hanyar abin da ya aikata ko ya faɗa daga baya, yadda wanda ya gane tun farko zai sami tabbaci, wanda bai gane ba kuma ya koma baya ya sake karantawa. A misalinmu na Hunƙuyi, ya isa a ce Kawu ya komo gida da la'asar, saurayin ya tarye shi a ƙofa yana rawar jiki ya ce, "Kawu, yaya kuka yi?" Kawu ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Gobe da asuba ka shirya, za ka bi yayanka fadama, an fara saran rake."